Ni da Talo-talon Ummu Ashraf

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Alhamis a unguwarmu ta Ainu Shams ba, kuma ko na so in manta ba za a bar ni ba. Har gobe in na wuce ta gaban mai gahawan bakin layinmu sai wani mara kunya ya murɗe baki ya yi mini "kyak-kyak-kyak", sauran su kwashe da dariya har da buga tebur. Yanzu haka da nake rubutun nan raina a ɓace yake, don haka in kun ga alƙalamin yana tsalle ku yi mini uzuri.

Bari in fara gaya muku ko ni wane ne, don ku san girman abin da ya zube. Na haura hamsin, da tumbina da furfurata. Karatu ya kawo ni Alƙahira tun ina saurayi, karatun ya ƙare ni kuwa na maƙale. Sana'ata tafinta: ina raka marasa lafiya 'yan gida zuwa asibitocin unguwar Dokki, likita ya faɗa da Larabci in juya da Hausa, mara lafiya ya yi ƙorafi da Hausa in juya da Larabci (in rage zagin). Ɗalibanmu na nan Baba Malam suke ce mini, in sun yi rigima a gidan haya ni ake kira sulhu. Mutum ne ni mai mutunci. Da.

Wanda ya jawo mini wannan masifa sunansa Nasiru, ɗan kawuna ne, wato taubashina. Kun san yadda wasan taubasai yake, to namu ya wuce wasa ya zama sana'a. Tun muna yara bai taɓa kirana da sunana ba, sai "bawana". Yanzu yana Amurka yana aikin asibiti, ya samu abokai masu shiga daji, ya ishe mu da hotuna a zauren dangi na waya: ga shi da hula mai ganye-ganye, ga bindiga, ga wani ƙaton talo-talon daji a kafaɗa.

Ni kuma bakina ba ya zama lafiya. Na rubuta cewa wannan ai ba farauta ba ce, cefane ne. Na ce kakana na wajen uba da kan burtu yake rarrafe har tsakiyar garken barewa, ya zaɓi mai ƙiba ya shafa bayanta kafin ya harba. Na ce jinin maharba ne a jikina, su kuwa gidansu Nasiru ban da allura da zare ba abin da suka taɓa riƙewa mai tsini. (Tsakanina da ku, kakan nawa goro yake sayarwa. Kan burtun a ɗakin maƙwabcinsa na taɓa gani a rataye, kuma da na gan shi sai da na yi kuka.)

Nasiru ya kira ni nan take.

"Bawana, kai da ko ƙadangare ba ka taɓa jifa ka samu ba?"

"Tambayi tarihi, yaro."

"Shi ke nan. In bazara ta zagayo zan aiko maka takardar gayyata, ka zo mu shiga daji. Amma ba a bin talo-talo da gudu, kiransa ake yi ya zo da ƙafarsa. Zan aiko maka abin kiran, ka koya. In ka iya, a gaban dangi zan ce kai ne ubangidana."

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta kashe ni. Shekara da shekaru ina jiran ta.

Ba a daɗe ba wani matafiyi ya kawo mini ɗan ƙunshi. A ciki akwai wani ƙaramin akwatin katako mai murfi, in ka goga murfin sai ya yi ƙara, da kuma wani ɗan abu kamar rabin kwabo, an ɗame wata siririyar roba a tsakiyarsa. Wannan a baki ake sa shi, a manna shi can sama a ganɗa, a danne da harshe a hura. Nasiru ya ce akwatin na yara ne, na bakin shi ne na ƙwararru. Na tambaye shi, a matsayina na mai sana'ar fassara, shin me kukan yake cewa a yarensu?

"Sallama ce kawai," in ji shi. "Gaisuwa irin tasu."

Allah Ya isa tsakanina da wannan amsa.

Ranar farko da na sa abin a baki saura kaɗan in haɗiye shi, na yi ta kakarin amai a kan tabarma. Da na samu ya zauna, ƙarar da ta fito ba ta yi kama da ta kowace halitta mai fuka-fuki ba. Wani lokaci kamar ƙofar da ta shekara ba mai, wani lokaci kamar an taka jelar kyanwa. Matata Maman Hanan ta fito daga kicin a guje ta tsaya kan injin wanki tana dube-dube, ta ɗauka shi ne ya ƙone. Da ta gane daga bakin mijinta abin yake fitowa, sai ta tsaya tana kallona, ga miyau yana bin gemuna.

"Baban Hanan, wannan kuma wane sabon ciwo ne?"

Na ciro abin na yi mata bayani. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce gidan nan ko ni da usur ɗina ko ita da kunnuwanta, in zaɓa. Sai na koma saman bene.

A nan ya kamata ku san Ummu Ashraf. Ita ce mai gidan da muke haya, tsohuwa gajeriya mai muryar da ke kaiwa tashar jirgin ƙasa ba lasifika. Mu muna hawa na ƙarshe, samanmu rufin bene ne, kuma kamar yawancin matan unguwar nan, can take kiwonta: kaji, agwagi, zomaye, da wani ƙaton talo-talo guda ɗaya tilo da take kira Basha. Basha ba na wasa ba ne. Shi aka tanada don walimar da za a yi wa dangin mai neman 'yarta Shaima. A wurinsu, in dangin ango suka zo cin abinci suka tarar da talo-talo kwance a tsakiyar tire kan shinkafa, to an nuna musu gidan da suka shigo. Ummu Ashraf da hannunta take ɗura masa wake da masara, tana yi masa kirari.

Sannan kuma ɗanta Ashraf yana shirin dawowa daga ƙasar waje, kuma kowa a gidan ya san idonta yana kan ɗakunanmu. Dalili kawai take nema. Mu kuwa gidan nan ya zame mana gida: ruwa yana hawa, makarantar Hanan tana bayan layi, tasha kusa. Duk wanda ya taɓa bin dillalan gidaje a garin nan yana baƙo ya san abin da nake nufi. Maman Hanan takan ce gara ta rasa ni da ta rasa barandar nan, kuma ban taɓa jin alamar wasa a muryarta ba.

To na hau sama bayan la'asar na zauna kan wani tsohon bokiti ina hurawa. Ina yi, ina yi, har wata rana abin ya faɗa daidai: kyak, kyak, kyak, siriri mai daɗi. Ban rufe baki ba sai na ji daga akurki, "Gulu-gulu-gulu-gulu!"

Jama'a, na ji kamar an naɗa ni sarauta. Na sake yi, ya sake amsawa. Ya buɗe jela kamar mahuci, ya ja fuka-fukai a ƙasa, kansa ya koma shuɗi, tsokar wuyansa ta yi ja wur. Na ce lallai wannan tsuntsu ya san girman baƙo. Na ɗauki muryarmu a waya na aika wa Nasiru. Ya amsa da cewa, "Ci gaba, bawana, ka kusa. Ka ƙara yi masa a hankali, da taushi." Na ji kamar ana dariya a bayansa, amma na ɗauka talabijin ce.

Haka muka yi ta yi kullum, ni da Basha. In ya ji takuna a matakala tun kafin in bayyana yake fara guɗa. Abin da ban lura ba shi ne ya daina cin abinci. Ya tsaya jikin wayar akurki yana kallon ƙofar bene tun safe har yamma. Ummu Ashraf ta ɗaga shi ta ji ya yi sako-sako, ta ce kambun baka ne, ta turara masa hayaƙi, ta rataya masa shuɗin dutse a ƙofar akurki. Sai wata yamma ta hawo da kwanon masara ta same ni tsugune, ido a lumshe, ina ta rera masa.

"Ya Ustaz! Ashe kai ne?"

Na tofo abin a tafin hannu na fara bayanin farautar Amurka. Ba ta bari na kai rabi ba.

"Ni ban san Amurka ba. Na san ranar Juma'a mutane za su zo, kuma tsuntsuna ya rame kamar ɗalibi. Ka ji ni da kyau: in na sake ganin ƙafarka a saman nan, ko wani abu ya samu Basha, ka nemi gida. Khalas, magana ta ƙare."

Maman Hanan ta ji komai daga ƙasa, don duk layin ma sun ji. Ta karɓe abin ta jefa a kwandon shara. Ni kuma da ta shiga wanka na tsince shi na ɗauraye. (Kada ku dube ni haka. Kalmar "ubangida" fa ake magana.)

Ranar Alhamis da hantsi Nasiru ya turo saƙo. Wai abokansa sun saurari muryar sun ce saura gwaji ɗaya: in yi dogon kira, mai ƙarfi, in aiko, daga nan sai takardar gayyata. Na yi lissafi irin na masu hankali. An hana ni saman bene, amma ba a hana ni barandata ba. Na fita da singileti da wandon barci da silifas, na manna abin a ganɗa, na cika ƙirji da iska, na saki kiran da ban taɓa yin mai kyansa ba.

Abin da ban sani ba, daidai wannan lokaci Ummu Ashraf ta buɗe akurki ta fito da Basha, tana wasa wuƙa, don a ranar za a yanka shi a jiƙa shi da kayan ƙamshi ya kwana.

Na ji "gulu-gulu" a saman kaina. Na ji ihu. Sai rana ta dushe. Wani abu kamar buhun gero mai fuka-fuki ya wuce ta gaban hancina, ya daki igiyar shanyar hawa na ƙasa da mu, ya tafi da zanin gado da wandunan mutane, ya faɗa kan rumfar mai sayar da lemo, rumfar ta wullo shi tsakiyar layi. Ya miƙe, ya girgiza, ya dubi hagu da dama yana neman wanda ya kira shi.

Daga sama muryar Ummu Ashraf ta sauko kamar aradu: "Bashaaa! Ku tare shi! Ya Ustaz, wallahi in mota ta take shi ya zama mushe, yau kayanka a titi za su kwana!"

Kun san mutanen Alƙahira da taimako. Kafin in sauko matakala layin ya cika. Mai lemo da tsintsiya, mai guga da zanin wani, masu gahawa da kujerunsu, masu tuk-tuk, wato keke mai ƙafa uku, suna zagaye shi suna hon. Kowa yana ba da umarni, ba mai bin na wani. Basha ya firgice ya miƙe wuya ya nufi bakin babban titi, inda ƙananan motocin haya ke wucewa kamar an koro su daga lahira. Na hango ɗakunanmu, da barandar, da ruwan da ke hawa, duk suna gudu da ƙafa biyu zuwa ƙarƙashin taya.

Maman Hanan ta leƙo daga baranda ta ƙwala mini da Hausa, "Kai ka kira shi ya fito, sai ka kira shi ya koma! Tsayuwar me kake yi?"

Sai a lokacin na tuna abin yana bakina. Na tsaya tsakiyar layi, da singileti, da tumbi, da furfura, na yi: kyak, kyak, kyak.

Basha ya ja birki, saura taku kaɗan ya hau kwalta. Ya juyo. Har masu hon suka saki. Ya buɗe jelar nan, ya saki fuka-fukai suna jan ƙasa, ya kumbura ya ninka girmansa, ya taho wurina a hankali yana rangaji, yana wani karkata gefe guda. In na yi shiru sai ya tsaya ya waiga titi. In na miƙe tsaye sosai sai ya yi turus. Ashe ya saba ganina a tsugune. Don haka dole na durƙusa, na riƙa ja da baya a tsugune kamar mai wasan 'yar ƙadangare, ina kyak-kyak, yana bina yana gulu-gulu.

Wani tsoho a wurin gahawa shi ya fara fashewa. Ya ce da ƙarfi, "Ya jama'a, wannan ai kukan macen ne! Ustaz amarya yake yi masa!"

Layin ya ɗauka. Wani ya fara tafi irin na rakiyar amarya, masu tuk-tuk suka mayar da hon ɗinsu kiɗan biki, wata mata daga bene ta rangaɗa guɗa. Maman Hanan, matar da na aura da sadakina, ta riƙe ƙarfen baranda tana dariya har da hawaye tana cewa, "Wayyo cikina! Baban Hanan, wallahi sonka yake!"

A nan komai ya faɗo mini lokaci guda: ramar, da ƙin cin abincin, da "ka yi masa da taushi", da dariyar da na ce talabijin ce. Ni, tafinta, mai cin abinci da sanin abin da magana take nufi, na shafe makonni ina hawa bene ina yi wa talo-talo alkawarin aure.

Kuma ba halin in daina, don titi yana nan a bayansa.

Ina cikin wannan hali sai ga ɗalibanmu su uku sun dawo daga darasi, da jallabiyoyinsu da littattafai a ƙirji, cikinsu har da wanda na yi wa nasiha kan kamun kai a makon da ya wuce. Suka tsaya cak. Babbansu ya matso a tsorace.

"Assalamu alaikum, Baba Malam. Lafiya dai?"

Sallama wajibi ne a amsa ta. Na buɗe baki in ce wa alaikumus salam, na manta da robar da ke manne a ganɗata. Abin da ya fito wani siririn "kyiiiik" ne mai tsawo, da ɗan karkarwa a ƙarshe. Yaron ya ja da baya yana a'uziyya. Na ji yana ce wa ɗan'uwansa, "Subhanallah, shafar aljanu ce. Ka fara ruƙiyya, ni zan riƙe ƙafafun."

Basha kuwa wannan "kyiiik" ɗin ita ta ƙarasa shi. Ya rugo ya haye kan silifas ɗina ya fara tattakawa da ƙwazo, ya lulluɓe mini ƙafa da fuka-fukai. Ba zan ƙara bayani a kan wannan ba, akwai yara masu karatu.

Haka na ja shi, da baya, a tsugune, muka shiga ƙofar gida, muka hau matakala hawa bayan hawa, gwiwoyina suna ƙara kamar ana karya itace, rabin unguwa na biye da mu da wayoyi a sama. A ƙofar bene Ummu Ashraf ta yi wuf ta cafke fuka-fukansa. Ta juya shi, ta laluba ƙirji da cinya, ba karaya. Ta dube ni ina haki, ta yi ƙoƙarin haɗe fuska, abin ya gagara.

"Ma'alish, ba komai, ya Ustaz," in ji ta, tana share ido da gefen mayafi. "Zauna abinka a gidan. Wa zai kori surukar gida?"

Kafin azahar hoton ya isa zauren dangi, ta hannun wa ban sani ba, amma ina zargin wadda muke kwana ɗaki ɗaya. Nasiru ya kira. Na ɗauka don in zage shi, amma minti nawa ba abin da nake ji sai shessheƙar dariya da bugun tebur.

"Kai azzalumi, ka ce mini sallama ce!"

"To ai sallama ce, bawana. Ba ka tambaye ni sallamar wa ba. Duk maharbin duniya kukan mace yake yi, wa zai zo don gaisuwa? Kai da kakanka ke shafa bayan barewa, na ɗauka ka sani."

Na kashe wayar. Maganar gayyata kuwa na ce ya riƙe kayarsa, ko da jirgi ya aiko har ƙofar gida ba zan shiga ba. Har yau ban amsa sallamarsa a zaure ba, shi kuma ya daina ce mini bawana, ya koma "amaryar Basha", kuma yaransa ma sun ɗauka.

Ranar Juma'a da yamma, bayan baƙi sun watse an sa rana, aka ƙwanƙwasa mana ƙofa. Shaima ce da faranti a rufe: shinkafa da cinya guda, ƙatuwa, wai in ji mamanta wannan rabon na kusa da mamaci ne. Na zauna ina kallon cinyar nan raina a jagule. Maman Hanan ta ce in ba zan iya ba in miƙo mata, ta san zafin rashi. Na ce ta kiyaye ni.

Abin da na koya dai shi ne, kada ka kuskura ka yi magana da yaren da ba ka san abin da kake faɗa a cikinsa ba, balle in taubashinka ne malamin. Gida dai mun tsira da shi, mutunci kuwa yana can bakin layi wurin masu gahawa. Cinyar kuma na cinye ta tas, ina ci ina tsaki, har ƙashin na tauna. Amma gaskiya ɗaya ce: duk tsawon zamana a Masar, ba wanda ya taɓa dirowa daga saman bene saboda ni sai shi.